NAUYIN TASHIN TSOFAFFIN MANYAN MOTOCI: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daga watan Oktoba har zuwa ƙarshen Janairu, watau tun daga karyar masara zuwa sa'ad da aka gama ɗibar auduga, babu wata kadara da ake nema ido rufe a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kamar babbar mota mai lafiya. Wannan yanki na kudancin Jihar Katsina yana daga cikin wuraren da ke ciyar da jihar, har ma da maƙwabtanta. Masara da dawa da waken soya da shinkafa da auduga, duka sai an kwaso su daga ƙauyuka an kai kasuwannin Ɗandume da Sheme da Funtuwa, daga nan kuma su wuce Dawanau a Kano ko su nufi kudancin ƙasa. Ga kuma farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ita ma a bayan mota take barin garin.

Akasarin motocin da ke wannan aiki ba sababbi ba ne. Tirelolin zamani a bakin kwalta suke tsayawa. Wadda ke shiga lungu, ta keta rafi ta bi burji, ita ce tsohuwar Mercedes-Benz mai gajeren hanci da bodin katako, irin wadda ake kira 911, tare da tifofi da ƙananan motocin kaya irin su Kanta. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Irinsu sun fara yawaita a yankin ne tun zamanin shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da rancen Bankin Duniya, lokacin da takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara suka sa amfanin gona ya fi ƙarfin jakai da amalanke. A wajejen 1980 kuwa a cikin ƙasar nan ake harhaɗa manyan motoci: ANAMMCO a Inugu, Steyr a Bauci, Leyland a Badun, da NTM a Kano. Injin OM352 mai silinda shida da ke cikin yawancin waɗannan Marsandi ya yi suna wajen juriya, har ya zama da wuya a sami garejin manyan motoci da ba a san cikinsa da bayansa ba.

To, amma akwai wata cuta guda da ke bin tsofaffin motocin nan, ba ta ware wani kamfani ba. Direba ya murɗa makulli da asuba, inji ya juya da ƙyar, ya yi gurnani sau uku ko huɗu, kowane juyi ya fi na gabansa nauyi, sa'an nan ya yi shiru. Makanikai suna cewa motar tana da nauyin tashi. Abin da mai mota ke fara cewa kuwa shi ne batir ya mutu. Sai a nemi aron batir, ko a tara majiya ƙarfi a tura, ko a sayi sabo. Bayan mako biyu ko uku cutar ta dawo, domin sau da yawa ba a batir ɗin take ba.

A da, wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Direban da ya san halin motarsa sai ya kwana da ita a kan gangara, yaron mota ya sa weji, da safe a cire a sake ta ta kama. Wani kuma ba ya kashe inji sam har a gama lodi. Yau duka dabarun biyu sun yi tsada. Kuɗin litar dizal, wanda direbobi ke kira gas, ya haura naira 700 a 2022, ya kuma wuce naira 1,000 a 2023, saboda haka barin inji yana ruri na awa uku a bakin gona asara ce da ake gani a aljihu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne halin tsaro. Kowa ya san abin da ya faru a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300. A 2021 kuma gwamnatin jihar ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya na wani lokaci, aka kuma katse layukan wayar salula na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. A irin wannan ƙasa, motar da ta ƙi tashi a bakin daji bayan la'asar, ɗauke da buhuna da 'yan dako a samanta, ba maganar ɓata lokaci ake yi ba. Maganar rayuka ce.

Dalilin da ya sa sauri ya zama dole

Kafin a san inda za a duba, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ya bambanta injin dizal da na fetur. Injin fetur yana da fulogi, wanda ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. Injin da Rudolf Diesel ya ƙera a ƙasar Jamus, wanda ya fara aiki sosai a 1897, ba shi da tartsatsi ko kaɗan. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kimanin kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na girmanta, matsin nan ya sa ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa buga iska da famfon keke ya ji bakin famfon ya yi zafi, ya riga ya ga asalin wannan hikima.

Sai dai zafin nan ba ya jira. Idan fistin ya hau a hankali, ƙarfen silinda mai sanyi yana shanye zafin tun kafin a kai ƙarshen matsi, wani ɓangare na iskar kuma yana sulalewa ta gefen ringi, musamman a tsohon inji da ya ci. Shi ya sa galibin injunan dizal suke bukatar a juya su kimanin sau 150 zuwa 250 a minti kafin su kama cikin sauƙi. Motar fetur takan tashi ko da an juya ta da kasala. Ta dizal ba ta yarda da wannan. Farin hayaƙin da ke fitowa daga salansa a lokacin da ake ta fama, mai ne da aka fesa bai sami zafin da zai ƙone shi ba.

A nan ne ake yawan gwama cututtuka biyu da ba su da dangantaka. Injin da ke juyawa da sauri yadda ya saba amma ya ƙi kamawa, matsalarsa tana wajen mai: iska ta shiga layi, ko tacin mai ya toshe, ko famfo ya gaza. Haka kuma injin da ringinsa suka cinye ƙwarai, sauri yake ƙarawa wajen juyi, ba nauyi ba, domin babu matsin da zai yi tsayayya da fistin. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne mai juyawa a hankali, kuma wurare huɗu ne kawai cutarsa za ta iya ɓuya: batir, ko wayoyi da mahaɗansu, ko na'urar tayar da inji wadda ake kira kik, ko kuwa jikin injin kansa. Kunne shi ne kayan aiki na farko, kuma bai kamata a kwance ko noti ɗaya ba kafin a saurara.

Zafi ke kashewa, sanyi ke tonawa

Batirin dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, har yanzu shi ne ke tayar da kusan kowace babbar mota. Kowane batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1. Yawancin manyan motoci suna haɗa biyu a jere su ba da bolt 24. Ga wanda ya manta darasin makaranta, ana iya kwatanta wutar lantarki da injin ban ruwa a fadama: bolt shi ne ƙarfin turin ruwa, amfiya kuma ita ce yawan ruwan da ke gudana a cikin tiyo. Ƙwan fitilar gaba ba ya jan abin da ya wuce amfiya biyar. Kik ɗin babbar mota kuwa yana jan ɗaruruwa a cikin 'yan daƙiƙun da yake aiki.

Jama'a suna ɗora laifi a kan hunturu, domin a Disamba da Janairu ne motoci suka fi ƙin tashi. Gaskiya ne sanyin asuba yana rage kuzarin batir, yana kuma daskarar da baƙin mai. Amma sanyin Faskari ko Sabuwa bai kai ya kayar da batir mai lafiya ba. Ɓarnar tun a bazara aka yi ta. A Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke kusantar digiri 40, ruwan batir yana ƙafewa, farantan dalmar da ke ciki suna zaizayewa. Masu ƙera batir sun daɗe da sanin cewa ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan matsakaici yana iya rage rayuwar batir da rabi. Da damina kuma motoci da yawa suna zaune babu aiki, batir yana zubar da cajinsa a hankali, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan, wanda idan ya daɗe caji ba ya narkar da shi. Hunturu yana zuwa ne kawai ya bayyana abin da aka riga aka yi.

Akwai kuma abin da hannun mutane ke jawowa. Ana zuba wa batir ruwan rijiya ko na leda maimakon tataccen ruwa, alhali gishirin da ke cikin irin wannan ruwa yana gurɓata ɗakunan. Ana ƙara asid da nufin a farfaɗo da shi, ba a san cewa ruwa ne kaɗai ke ƙafewa, asid yana nan ba. Ana haɗa sabon batir da tsoho a mota mai bolt 24, tsohon ya riƙa jan sabon ƙasa har su mutu tare. Wanda ya fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan shi ne jan waya daga batir guda cikin biyun domin rediyo ko cajin wayoyin salula. Wannan batir kullum yana rasa abin da ɗan'uwansa bai rasa ba, ɗaya ya zauna da yunwa, ɗaya ya sha caji fiye da kima, ba da jimawa ba duka biyun su lalace.

Ƙaramar mitar awon wuta, wadda ake samu a shagunan kayan lantarki a Funtuwa ko Malumfashi da kuɗin da bai kai kusa da na batir ba, tana raba gardama a nan. Batirin da ya kwana ba a taɓa shi ba, idan cike yake, zai nuna kimanin bolt 12.6, idan ya nuna 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. A auna kowanne shi kaɗai, domin jimillar biyun tana iya ɓoye maras lafiya. Sai dai wannan awo na hutu bai isa ba. Batir yana iya nuna 12.6 alhali ba shi da ƙarfin ɗaukar kaya. Awo na gaskiya shi ne wanda ake yi a daidai lokacin da ake murɗa makulli: idan batir mai bolt 12 ya faɗi ƙasa da 9.6, ko biyun a haɗe suka faɗi ƙasa da 19, to akwai magana. Bayan inji ya tashi kuma sai a sake aunawa, a ga ko altaneta tana mayar da abin da aka ci. A mota mai bolt 12 ana son ganin kimanin 14, a mai 24 kuma kimanin 28. Fanbel mai sako-sako ya sa an zubar da batura masu lafiya ba adadi.

Inda wutar ke ɓacewa

Idan batir ya ci jarrabawa, yawancin masu mota sai su tsallaka kai tsaye zuwa kik. A tsakanin biyun kuwa akwai wurin da ya fi ko'ina laifi a tsohuwar mota, kuma shi ne mafi arha wajen gyara, watau manyan wayoyi da mahaɗansu.

Ɗaliban kimiyya sun san ƙa'idar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, cewa bolt ɗin da ke ɓacewa a hanya daidai yake da amfiya sau tsayayyar hanyar. A aji lissafi ne na alli. A ƙarƙashin mota kuwa ga abin da yake nufi. A ɗauka kan batir ya yi tsatsa, ya sami tsayayya ta om 0.004, adadin da ya yi ƙanƙanta har mitar hannu ba ta iya nuna shi. Fitila mai jan amfiya biyar ba za ta san da shi ba, za ta haska tar, direba ya rantse wutarsa lafiya lau. Amma da zarar kik ya ja amfiya 500, sai bolt biyu cur su ɓace a wannan wuri guda, su koma zafi na wat 1,000, kwatankwacin dutsen guga na lantarki. A mota mai bolt 12, wadda batirinta ya riga ya sauka zuwa 10 saboda nauyin aiki, abin da ke isa ga kik bai wuce 8 ba. Ko sabon batir aka ɗaura, ta wannan ƙofa wutarsa za ta bi.

Wannan lissafi ne ya ba masu rewaya na da wata dabara da ba ta bukatar mita. A murɗa makulli na daƙiƙa goma, a saki, sa'an nan a bi wayoyin da hannu cikin hattara, tun daga kan batir har zuwa kik. Duk mahaɗar da ta yi zafi fiye da sauran, nan ɓarawon yake. Gwajin fitila ma yana da amfani: idan aka kunna fitilun gaba aka murɗa makulli suka kusa mutuwa, to ko batir ne, ko kansa, ko kuwa wani abu yana jan wuta fiye da kima, idan kuwa suka tsaya da haskensu alhali kik yana jan jiki, to wutar ba ta isa gare shi ne, ko kuma laifin yana cikinsa.

Mai mita yana da hanyar da ta fi wannan tabbas. A hana inji mai don kada ya kama. A ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir ita kanta, ba a kan maƙalar ba, ɗayan kuma a kan babban notin kik, sa'an nan a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya zube a hanya. A maimaita a ɗaya ɓangaren, tsakanin kan batir na komawa da jikin kik. Jimillar asarar ɓangarorin biyu bai kamata ta wuce rabin bolt a mota mai 12 ba, ko bolt ɗaya a mai 24. In ta wuce, sai a riƙa matso da tsinken mahaɗa bayan mahaɗa har a ritsa wurin.

Ɓangaren komawa shi aka fi mantawa da shi, domin mutane da yawa suna zaton wuta tafiya kawai take yi. Dole ta dawo batir, kuma a mota ta jikin inji da ƙarfen gindin mota take bi, ta wata kakkaurar waya ko saƙaƙƙen tagulla da ke haɗa su. Motar da ta yi shekara 40 tana ketare rafukan damina, tana shan jar ƙasa da ƙurar hunturu, an sauke injinta an mayar ba sau ɗaya ba, an yi mata walda da fenti, da wuya a ce wannan waya tana nan yadda kamfani ya sa ta. Wani lokaci a kan fenti aka ɗaure ta. Wani lokaci an manta da ita ɗungum, wutar tana neman hanya ta wayar totur ko wata siririyar waya har ta ƙone ta. Akwai kuma gajeriyar wayar da ke haɗa batir da batir, da makunnin yanke wuta da ake sawa saboda ɓarayi, da maƙalar da ta buɗe aka cusa mata ƙusa aka buga da guduma. Waya tana iya yin kyau a ido, amma idan aka yanka robarta a tarar tagullar ta koma kore ta rududduge. Gyaran duk waɗannan bai wuce takardar gogewa da ruwan zafi da 'yar kanwa da man giris da waya mai kaurin da ya dace ba. Siririyar waya da aka saya don araha ita ma tsayayya ce da aka biya kuɗi aka ɗaura.

Sai an wanke batir da wayoyi daga zargi ne ya kamata a sauke kik. Cikinsa akwai gawayin da ke goga wuta, wanda ke cinyewa da tsufa. Akwai bushin da ke riƙe sandar tsakiya, wanda in ya ci sai sandar ta karkace ta riƙa gogar bango. Akwai kuma farantin tagulla a cikin makunninsa da ke ƙonewa saboda tartsatsi. Alamar kik mai ciwo ita ce ya ja wuta da yawa, wayoyi su yi zafi gaba ɗaya, amma juyi ya ƙi sauri. Sau da yawa kuma ya fi nauyi bayan doguwar tafiya sa'ad da inji ke da zafi, saɓanin ciwon batir da ya fi tsanani da sanyin safiya. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne rashin isasshiyar wuta ne ke kashe kik tun farko. Irin wannan na'ura idan ta juya a hankali ƙara jan amfiya take yi, ta ƙara zafi. Direban da ya danne makulli na minti guda yana fata, dafa ta yake yi. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce kada a wuce daƙiƙa 30 a jere, gara ma 15, sa'an nan a huta minti biyu. Wanda ya ɗaura sabon kik a kan ruɓaɓɓiyar waya, ya shirya sayen wani.

Jikin injin shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙarancin faruwa, sai dai idan ya faru ya fi duka tsada. Baƙin mai mai kauri irin SAE 40, wanda ake so a tsohon inji don ya rage hayaƙi, yana yin nauyi da sanyin asuba fiye da 15W-40, balle wanda ya daɗe ba a juye ba ya cika da ƙura. A tifa, mantawa da famfon ɗaga bodi a haɗe yana ƙara wa kik kaya. Alamar da ba a wasa da ita kuwa ita ce inji ya fara juyi ya tsaya cak a wuri guda kamar ya ci karo da dutse. Wannan yakan nuna ruwa ko mai ya taru a saman fistin, ko daga gasket da ya ƙone, ko daga rafin da aka keta. Ruwa ba ya matsuwa. Wanda ya tura irin wannan mota a gangara ya saki kuloci, zai lanƙwasa sandar fistin, gyaran kwana ɗaya ya koma sauke inji. Makaniken kirki yakan sa sifana ya juya injin da hannu zagaye biyu tukuna.

Turi da sauran dabarun gaggawa suna da nasu haɗarin. A tsofaffin motocin da burkinsu ke dogara da iska, tanki yakan zube cikin dare, saboda haka motar da aka saki a gangara da lodi ba ta da cikakken burki sai inji ya tashi ya tara iska. Haɗa notocin kik da sifana daga ƙasa, alhali mota tana cikin giya, ya sa motoci sun taka yaransu. Tsumman fetur a bakin shaƙar iska yana sa inji ya buga da ƙarfin da ke fasa ringi. Batirin da ke kan caji kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta, tartsatsi ɗaya a kusa da shi ya isa ya fashe ya watsa asid a fuska. Shi kansa mataccen batir guba ne. Bala'in dalma da ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 daga dutsen zinariya ya fito, amma dalmar ɗaya ce da wadda ake fasawa a bayan gareji inda almajiran sana'a ke cin abinci.

Ma'aikatan gwamnati suna da ruwa da tsaki a wannan magana fiye da yadda suke zato. Tankokin ruwa da tifofin sashen ayyuka da motocin rabon taki suna yin watanni a ajiye, ranar da aka bukace su kuma su ƙi tashi. Abin da ke biyo baya sananne ne: direba ya kawo ƙorafi, a rubuta takardar neman sabon batir, a sa hannu, a saya. Da wuya a ga takardar da ta nemi mita guda ko waya mai tsawon kamu biyu. Jami'in da ke kula da motoci ba sai ya zama makanike ba kafin ya tambayi lambobi uku a rubuce kafin ya amince: abin da batir ya nuna a hutu, abin da ya nuna lokacin tayarwa, da abin da ya zube a wayoyi. Haka kuma ɗalibin kwalejin fasaha ta Funtuwa ko na Kwalejin Hassan Usman a Katsina, wanda ya iya riƙe mita ya kuma fahimci abin da take faɗa, yana da abin da zai ƙara wa garejin da aka dogara da kunne da guduma, ko da yake shi ma yana da abin koyo a wurin mutanen da suka yi shekara 30 suna sauraron inji.

Ga motar da za a ajiye da damina, a cire kan batir na komawa, a kuma yi masa caji sau ɗaya a wata. Ga wadda za ta shiga aikin kaka, watan Satumba ne lokacin dubawa, tun kafin masara ta bushe layi ya yi tsawo a wurin mai rewaya: a duba ruwan kowane ɗaki, a kwance kowace mahaɗa a goge ta har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure fanbel, a juye baƙin mai, sa'an nan a bar motar ta kwana a fili mai shimfiɗa, ba a kan gangara ba, a tayar da ita da asuba ana riƙe da mita.